Jinin Fulani Daban Ne da na Hausawa? Amsa Ga Mai Shirin Aure

"Assalamu alaikum Likita. Ni Bakano ne, ina shirin aure bayan Babbar Sallah, yarinyar kuma Bafulatana ce daga Adamawa. Na yi gwaji an ce ni AS ne. Da na kawo maganar ita ma ta yi, sai kakata ta ce kada a wahalar da 'yar mutane, jinin Fulani daban ne da namu, sikila ba ta cikinsu. Wani abokina kuma ya ce sikila ciwon baƙar fata ne kawai, mu aka ɗora wa. Don Allah da gaske ne jinin ƙabilu ya bambanta? Idan ya bambanta, ta ina?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya sa a yi da mu. Kafin in yi nisa, ga abin da ya fi gaggawa: ta yi gwajin. Tunda kai AS ne, babu ƙabilar da za ta fito daga cikinta da za ta ɗauke mata wannan gwaji. Amma tambayarka ta wuce maganar aurenka. Kana son sanin ko bambancin da muke gani tsakanin al'ummomi, na launi da tsayi da kamanni, yana nan har cikin jini, kuma ko sanin ƙabilar mutum ya isa a san abin da yake ɗauke da shi. Na daɗe ina duba masu amosanin jini, wato sikila, kuma kusan kowane mako sai na ji irin maganar Hajiya kakarka da irin ta abokinka. Kowannensu ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, shi ya sa maganar ke da wuyar turewa.

Abin da ake gada

Idan Bahaushe ya ce "jininmu ne" yana nufin asali da dangi. A ɗakin gwaji kuwa, abin da ɗa ke gada daga iyayensa wani dogon rubutu ne da ke naɗe a cikin ƙwayoyin jikinsa. Haruffa huɗu kacal aka yi rubutun da su, amma tsawonsa ya kai harafi biliyan 3, an raba shi ƙunshi 23, kuma kowane ƙunshi kana da guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Aikin karanta wannan rubutu an fara shi a 1990, aka sanar da kammala shi a 2003. Cikin abin da ya bayyana shi ne, idan ka ɗauko mutum biyu daga ko'ina a duniya ka jera rubutunsu, a kusan kowane harafi dubu guda ɗaya ne zai saɓa.

To wannan ɗan saɓanin, yaya ya rabu tsakanin mutane? Tun 1972 wani masani a Amurka, Richard Lewontin, ya yi lissafinsa, ya samu cewa kimanin kashi 85 cikin ɗari na bambancin yana cikin kowace al'umma ne a tsakanin 'ya'yanta, ɗan abin da ya rage ne ke raba al'umma da al'umma. Binciken da ya biyo baya da kayan aiki na zamani bai yi nisa da wannan adadi ba. Ma'ana, idan ka shiga Kasuwar Kurmi ka tsayar da Kanawa biyu da ba su haɗa dangi ba, yawancin bambancin da ke tsakanin Bakano da mutumin Sin ko na Faransa ka riga ka same shi a tsakanin waɗannan biyun.

Akwai kuma abin da ya kamata abokinka ya ji. Babu nahiyar da mutanenta suka bambanta da juna a gado kamar Afirka. Mafi tsufan ƙasusuwan mutane irinmu da aka tono a Afirka aka same su, na Jebel Irhoud a Maroko an ƙiyasta shekarunsu kusan 300,000. Waɗanda suka cika sauran duniya zuriyar wani ƙaramin ayari ne da ya fita daga nahiyar shekaru 50,000 zuwa 70,000 da suka wuce. Ka ɗauka manomi ne mai rumbu cike da irin dawa kala-kala, ɗansa zai yi ƙaura ya ɗebi mudu ɗaya ya tafi. Ko gonar ɗan ta fi ta uban girma daga baya, irin da ke cikinta na wannan mudun ne, sauran suna rumbu. Saboda haka "baƙar fata" ba jini ɗaya ba ne. Mutumin Kalahari da Bayarabe na iya yin nisa da juna a gado fiye da Bature da mutumin Japan.

Harafi ɗaya da sauro

Sikila daga harafi ɗaya take. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, himogulobin, kuma bayanin yadda ake ƙera shi yana ƙunshi na 11. A wani wuri cikin bayanin harafi guda ya canza, himogulobin mai wannan canji ana ce masa S, na asali kuma A. Wanda ya gaji canjin daga uwa da uba duka, shi ne SS: idan iska ta yi ƙaranci a jininsa, ƙwayoyin sai su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su kuma mutu da wuri. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila da ƙyar take wuce kwana 20. Daga nan ciwon ƙashi yake, da ƙarancin jini, da rawayar ido. Wanda ya gaji canjin daga ɓangare ɗaya kawai, irinka, shi ne AS, kuma yawanci zai yi rayuwarsa bai san yana ɗauke da komai ba.

Likitan da ya fara rubuta bayanin ciwon a littattafan Turawa, James Herrick, a jikin wani ɗalibi baƙar fata ya gan shi a Amurka a 1910, kuma tun daga nan aka liƙa wa ciwon launi. Wanda ya kwance wannan ƙulli shi ne Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya. Ya lura cewa masu ɗauke da S suna da yawa a bakin teku da kewayen tafkin Victoria, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, amma a kan tsaunuka masu sanyi da ƙyar ake samunsu, alhali duka baƙaƙe ne. A 1954 ya wallafa bayaninsa: yaro mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓi. An tabbatar da haka sau da yawa daga baya, kariyar ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari daga nau'in da ke kisa. Kada ka ɗauka AS ba ya kamuwa, yana kamuwa, gidan sauro bai faɗi a kanka ba.

Ba sai mun je Kenya neman hujja ba. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin jihar Kano sun yi babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa. Da aka duba jinin mutanen, an samu jarirai kusan 2 cikin ɗari SS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar da ƙyar aka samu mai SS, sun rasu tun suna ƙanana. Masu AS kuwa, daga kimanin kashi 24 a jarirai sun ƙaru zuwa kimanin 29 a manya, domin zazzaɓi ya fi ɗaukar masu AA, waɗanda ba su gaji S ba. Duk lokacin da na koma kan waɗannan alƙaluma sai jikina ya yi sanyi. A ƙauye ɗaya, harafin nan yana ceton yaro a wannan gida yana kashe yaro a gidan maƙwabta. Wannan ne dalilin da ya sa a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ake ƙiyasta haihuwar jarirai 150,000 masu sikila a kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi.

Yanzu ka bi taswira. Akwai sikila a tsakiyar Indiya da jihar Odisha. Akwai ta a gabashin Saudiyya, a Ƙaɗif da Al-Ahsa, har gwamnatin ƙasar ta wajabta gwaji kafin aure tun 2004. Akwai ta a wasu yankunan Girka da kudancin Turkiyya da tsibirin Sisili na Italiya, wuraren da zazzaɓin ya daɗe yana ɓarna kafin a kawar da shi. A ɗaya ɓangaren, mutanen tsaunukan Habasha da 'yan asalin Afirka ta Kudu baƙaƙe ne, amma S ta yi ƙaranci ƙwarai a cikinsu. Inda sauro ya zauna ta bi. Kuma ba ita kaɗai ce garkuwar da aka gada ba: a arewacin Ghana da Burkina Faso akwai wani nau'in himogulobin mai suna C da yawa, a Tailan da Kambodiya akwai nau'in E, a Saifurus da Sardiniya akwai wani ciwon ƙarancin jini mai suna talasimiya. Kowace al'umma da irin nauyin da ƙasarta ta ɗora mata. Ba mu kaɗai aka ɗora wa ba.

Inda Hajiya ta yi gaskiya

Tsofaffi ba sa magana a banza, ido suke sa wa. Fulani makiyaya suna da wasu abubuwan gado da suka fi yawa a cikinsu, kuma mafi fitowa fili shi ne shan madara. Kowane jariri yana da sinadarin da ke narkar da sukarin madara a hanjinsa, amma a yawancin mutanen duniya sinadarin yana raguwa bayan yaye. Shi ya sa za ka ga babba ya sha ɗanyar madara cikinsa ya ɗauki ƙugi, ya kumbura, wani har da gudawa. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun gwada wannan a Najeriya. Yawancin Fulani makiyaya suna narkar da ita lafiya, Yarabawa da Ibo kuwa kusan dukkan manyansu ba sa iyawa. Zama da shanu na dubban shekaru ne ya kawo haka: a lokacin fari da yunwa, wanda cikinsa ke karɓar madara ya fi rayuwa ya bar baya. Canjin harafin da aka samu a Fulani irin wanda ke cikin Turawa ne, makiyayan Kenya da Tanzaniya kuwa nasu canjin daban, Larabawa masu raƙuma su ma nasu daban. Mu da ba makiyaya ba, nono da kindirmo sun rufa mana asiri, domin tsami yana cinye wani ɓangare na sukarin kafin ya iso cikinmu.

Har a kan zazzaɓi ma akwai magana. A Burkina Faso, David Modiano da abokan aikinsa sun kwatanta Fulani da maƙwabtansu Mossi da Rimaiɓe, ƙauyuka kusa da juna, sauro iri ɗaya yana cizon kowa. Sakamakon da suka fitar a 1996 ya nuna Fulani sun fi juriya ga zazzaɓin, kuma bincike na gaba ya nuna C ta fi ƙaranci a cikinsu, S kuwa kusan daidai take a ƙabilun uku, garkuwar jikinsu ce ke aiki ta wata hanya. To ka ga maganar Hajiya tana da tushe. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, C ce ta yi ƙaranci, S tana nan a cikinsu kamar yadda take a maƙwabtansu. Na biyu, Rimaiɓe Fulatanci suke yi, al'adarsu ta Fulani ce, amma a wannan bincike jikinsu irin na Mossi ya nuna. Harshe da gado ba kullum suke tafiya tare ba.

Wannan batu na biyu ya fi shafarmu. Ka zaga cikin birnin Kano ka karanta sunayen unguwanni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna. Jikokin waɗannan mutane duk Hausawa ne a yau, ba mai ce musu baƙi. Auratayya tsakanin Fulani da Hausawa ta girmi jihadin 1804, bayansa kuma ta ƙaru har ta zama ruwan dare. Adamawa ma haka take, Fulani sun yi ƙarni biyu da ɗoriya suna aure da ƙabilun da suka tarar. Wace Bafulatanar gari ce za ta ƙirga kakanninta takwas na hawa na uku ta tabbatar da abin da kowannensu ya ɗauko? Kaka guda ɗaya mai AS ta isa. Idan kuma hasken fatar yarinyar da siririn hancinta Hajiya take kallo, to bayanan da ke tsara launi da kamanni a wasu wurare suke cikin rubutun, gadon ɗaya ba ya hana gadon ɗayan.

Ba zan manta da wani makiyayi da ya zo mana da ɗansa ɗan wata takwas ba. Bayan hannuwan yaron da ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul, ko taɓa shi aka yi sai ya ƙwalla ƙara, idonsa ya yi rawaya. Uwar ta lulluɓe shi da zane tana jijjiga shi, ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Da sakamako ya fito SS na yi wa uban bayani, sai ya jingina sandarsa da bango ya ce, "Likita, mu a rugarmu ba mu san wannan ciwo ba." Na tambaye shi ko sun taɓa rasa yara. Ya yi shiru, sannan ya ce biyu kafin wannan, duka ba su kai yaye ba, an ce wabi matar take yi. Ita 'yar baffansa ce. Da muka gwada su, dukansu AS. Mutumin bai yi ƙarya ba, ba su san ciwon ba, domin yaran ba sa daɗewa har a sa masa suna. Sai a ce shawara ce, ko iska, ko maita. Da yawa daga cikin "ba ma da shi a danginmu" da nake ji, wannan ne a ƙarƙashinsa.

Yadda za ku yi

Gwajin jinotaif za ta yi, ba na rukunin jini ba. Mutane suna haɗa su: A da B da O maganar ƙarin jini ce, AA da AS da SS da AC maganar himogulobin ce. Ku je asibiti ko ɗakin gwajin da ke rarrabe nau'o'in himogulobin da na'ura, domin akwai gwajin gaggawa da iyakarsa ya ce akwai S ko babu, ba ya bambance AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku. Ni shawarata kullum a maimaita a wuri na biyu, har da kai, domin na sha ganin ma'aurata sun zo da takardar AA a hannu da yaro SS a goye. A Kano ma yanzu doka ce, tun 2024 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, kuma jinotaif yana ciki. Wannan zai sauƙaƙa maka magana da Hajiya. Ba sai ka ce mata ta yi kuskure ba. Ka ce mata hukuma ce ta ce, kuma likita ya ce gaskiyarta ne Fulani suna da nasu, sai dai gwajin na mutum ɗaya ne, ba na ƙabila ba.

Idan ta fito AA, babu ɗanku da zai zama SS ta wannan hanya, kowane ciki dai rabi da rabi ne tsakanin AA da AS. Idan ta fito AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Ka riƙe kalmar "kowane ciki" da kyau. Ana yawan cewa ai ɗa na huɗu ne ke zuwa da ciwon, sai a haifi uku a tsaya. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Na san gidan AS da AS mai 'ya'ya shida ba mai sikila ko ɗaya, na san mai huɗu uku suna da ita. Idan ta fito AC, ɗaya cikin huɗu zai iya zama SC, wanda sau da yawa ya fi SS sauƙi amma ciwo ne na gaske, yana taɓa ido da ƙashin ƙugu.

Idan duka kun fito AS, hukuncin ba nawa ba ne. Ban ga takardunku ba, ban san halinku ba, kuma abin da ya shafi shari'a na malamai ne. Abin da ke kaina shi ne kada ku yanke shawara cikin duhu. Yaro mai sikila a yau ba kamar na Garki a wancan zamani ba ne. Idan aka gano da wuri, aka ba shi fenisilin da alluran rigakafi da maganin kariya daga zazzaɓi, aka sa shi kan maganin haidiroksiyuriya idan ya dace, yana girma ya yi karatu ya yi aure. Cikin waɗanda nake dubawa akwai malaman makaranta da 'yan kasuwa da iyaye mata, kuma ba na son a riƙa magana a kansu kamar kuskure ne aka yi aka haife su. Amma zan zalunce ka idan na ɓoye maka kwanan asibiti, da neman jini da tsakar dare, da kuɗin magani na kowane wata, da haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga ƙaramin yaro. Dashen ɓargo yana warkarwa, sai dai yana da tsada da haɗari, kuma sai an samu wanda ya dace. Maganin gyaran ƙwayoyin gado da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, farashinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya.

Akwai iyakar da ilimin kansa yake da ita, kuma ta shafe mu kai tsaye. A wani lissafi da aka wallafa a 2019, kusan kashi 78 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado da cututtuka a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 2. A 2020, da masanan H3Africa, wani shirin binciken gadon mutanen Afirka, suka karanta gadon mutum 426 kacal daga ƙabilu 50 na Afirka, har da Birom na Filato, sun ci karo da bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Shi ya sa nake jan kunnen matasan da ke aika yawu ƙasar waje a dawo musu da takarda wai kashi kaza Fulani ne kashi kaza Larabawa. Kamfanin yana kwatanta ka ne da 'yan tsirarun mutanen da ke cikin ma'ajiyarsa, kuma namu ba su da yawa a ciki. Gwajin jinotaif ba shi da wannan matsala, abu ɗaya yake nema, kuma idan an yi shi daidai amsarsa tabbas ce.

Ku yi shi yanzu, kafin a kai lefe, tun zancen bai game dangi ba, domin ko wane sakamako ya fito ya fi sauƙin ɗauka a wannan lokaci. Kai ka fara nuna mata takardarka kafin ka nemi tata, ka raka ta ko ka haɗa ta da yayarka, kuma kada wani ya karɓo muku sakamako a madadinku. Idan ya fito, ku kai takardun biyu gaban likitan jini ku zauna tare ya karanta muku. Ka gaida min Hajiya.